Farcen Matan Gidanmu

Na san kuna yi mini dariya a bayan idona. 'Yar'uwarku Rahila ce ta fara, ta ce babu baƙuwar da za ta miƙa wa Mama hannu ta karɓi abinta salin-alin, sai an juya shi an duba farce kamar ana cinikin kaza. Matar yayanku Iliya kuwa har yau tana ba da labarin ranar da aka fara kawo ta gaishe ni na ɗiga mata ruwa a kan babban yatsa, ita a zatonta wata al'ada ce ta Zage-zagi. Ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma akwai abu biyu da kuka ɗauka a karkace, kuma ba na so in tafi in bar ku da su. Na farko, kuna cewa ɗan'uwanku Dogara sunan likitan da ya ceci raina ya ci. Mutumin nan bai taɓa riƙe allura ba, gyaran tafireta yake yi a Sabon Gari. Na biyu, kuna jin haushin Inna Tani har tana kabari, wai don ta ƙi zuwa yi mini wankan jego. Wannan ma rabin labarin kuka ji.

Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Giwa. Kakana na wajen uwa shi ne mai kula da kan gida, wato abin da dangi suke yi wa yanka duk shekara kafin a taɓa sabon hatsi. Da masu bishara suka zo ya karɓi baftisma, ya bar wurin ciyawa ta cinye. Bayan haka 'yarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa. Sai mahaifiyata, ina 'yar shekara huɗu: jini ya ɓalle mata bayan ta sauka, kafin a ɗaura wa shanu amalanke ta cika. Saura ƙanwarsu, Inna Tani, ita ta ɗauke ni ta haɗa da 'yarta tilo, Rifkatu, ta riƙe mu. Mutanen gari ba su sha wahalar neman dalili ba. Suka ce abin da aka daina ba wa jinin akuya ya koma shan jinin matan gida. Har shaida suka nuna. Mu matan gidan nan farcenmu ba ya yin tudu irin na mutane. Tsakiyarsa a lotse take, gefensa ya tashi, ga laushi, abu kaɗan sai ya tsage. Suka ce ƙoƙon shansa ke nan.

Inna Tani ba ta fashin coci, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. Amma ta binne yayyenta biyu, kuma ban ga laifinta ba da tsoro ya ƙi fita daga ranta. Tun ina 'yar shekara goma ba ta bar farcena ya zauna babu lalle ba. Ƙunshi kan ƙunshi har ya yi baƙi ƙirin, ta kuma koya mini dunƙule hannu cikin mayafi in ina gaban manya, don kada dangin miji su gani su fasa. Babanku ya aure ni, muka yi shekara uku yana yaba son kwalliyata. Bawan Allah, bai san komai ba.

A Samaru muka zauna, shi yana aiki a gonar jami'a, ni ina da teburi da tafireta a wata rumfa daura da ƙofar makaranta. Ɗalibai su kawo kundinsu na kammala karatu da rubutun hannu kamar kaza ta yi tono, ni in mayar da shi abin da malami zai iya dubawa. Abin da ku 'yan kwamfuta ba ku sani ba, mai buga tafireta ba karatu take yi ba. In ta tsaya fahimta ba za ta gama shafi ba. Ido ya ɗauki harafi, yatsa ya ajiye, kai kuwa yana can gida yana tunanin miyar da za a kaɗa. Na buga ciwon shanu, na buga shari'a, na buga ƙasa da taurari, ban fito da ko kalma ɗaya ba. Ina alfahari da saurina, kuma duk layin nan babu wadda ta kamo ni.

Shekarar da nake ba ku labari Iliya yana da shekara biyu, ni kuma ina da ciki na biyu. Haihuwar Iliya da ƙyar na sha, don haka wannan karon na san abin da ke jirana. In na hau matakala uku sai in tsaya ina haki. Kunnena yana ƙara, zuciyata tana bugu kamar na yi gudu. Ga wani kwaɗayi da nake jin kunyar faɗa: farar ƙasa. A kasuwar Sabon Gari nake sayo ta wurin wata mata, in ɓoye a aljihun teburi, ina bugu ina gutsura. Awo kuwa ban je ba. Me asibiti zai yi wa abin da ke bin jinin gida? Ina cikin wannan hali Inna ta zo daga ƙauye da ƙullin daddawa, ta jira babanku ya fita, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wata nawa?"

"Biyar, Inna."

"In ya shiga bakwai ki taho gida. Na yi magana da tsohon nan, ƙanen kakanki, shi da bai bar hanyar da ba. Ya ce baƙin bunsuru ne, shi zai yi komai, ke dai a ga ƙafarki a wurin. A gida za ki sauka."

"Inna, in fasto ya ji fa? Baban Iliya fa?"

"Fasto ne zai riƙe mini Iliya in kin bi uwarki? Ke Saratu, na gaji da binne mutane."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma a raina na riga na tafi. Ba wai na gaskata bunsurun ba ne. Gani nake ko na je ko ban je ba mutuwa zan yi, gara in mutu ban saɓa wa matar da ta raine ni ba. A watan nan na ɗinka wa Iliya riguna uku, kowace ta fi 'yar'uwarta girma, na shekarun da ba zan gani ba. Na ninke su na sa a ƙasan akwati.

Sai tafireta ta lalace. Ina tsakiyar kundin wata ɗalibar likitanci, hannun harafin y ya maƙale, in ya tashi ba ya komawa. Na naɗe mashin a zane da takardar a cikinsa, na hau bas ta hanyar Kwangila zuwa Sabon Gari. Sai da na fara biyawa na sayi farar ƙasata, sannan na nufi shagon Baba Dogara a bayan layin dogo. Baba ɗan yankinmu ne, ya san labarin gidanmu kamar kowa. Siririn tsoho ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Yana saurayi an tura shi makarantar horar da masu bishara, ya fi kowa kai, har wani malami ya keɓe shi ya koya masa Girkanci, ko Helenanci kamar yadda shi yake cewa. Amma yana da in'ina. In ya hau mumbari kalma ɗaya sai ta riƙe shi har yara su fara ƙyalƙyala. Ba a ba shi ikilisiya ba, shi kuma bai yi fushi da kowa ba, ya koyi gyaran tafireta. Halinsa da ke ƙona mana rai, mu masu sauri, shi ne ba ya taɓa mashin sai ya karanta takardar da ya tarar a ciki. Yana da wani ɗan littafi da yake tara kalmomin da suka burge shi. Sau da yawa na tsaya a kansa ina tsaki a ciki. Ran nan ma ya gyara tabarau ya sa yatsa a kan layin da na tsaya, inda aka rubuta koilonychia.

"Saratu, kin san abin da kika buga nan?"

"Baba, ni dai y ɗin ne ya maƙale. Yarinyar gobe za ta zo karɓa."

"Zai gyaru. Zauna, 'yata. Wannan ba kalma ɗaya ba ce, biyu ce aka ɗaure da noti. Bari mu kwance."

Abin mamaki, in yana kwance kalma in'inar ba ta zuwa. Ya ɗauki fensir ya raba ta a bayan wata tsohuwar ambulan, yana magana a hankali kamar yana jera sukurori a faranti.

"Ta gaban nan koilos ce. Duk abin da cikinsa ke da kwarmi: ƙwarya, kogo, kwalekwalen da aka fafe. Daga tushenta aka samo sunan da Helenawa ke kiran cikin mutum, har da inda ɗa yake kwanciya. Ta bayan kuma onuks, wato farce, na mutum ko na shaho. Akwai ma wani dutse mai daraja da suka ba sunan, don launinsa ya yi musu kama da farce. Helenawan da kansu ba su haɗa biyun ba. Likitocin Turai ne daga baya suka koma tsohon harshen suka ciro, yadda nake cire hannun mataccen mashin in sa wa mai rai. To, haɗa mu ji. Farce mai kwarmi."

Ban san lokacin da hannuwana suka shige ƙarƙashin mayafi ba. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ya zare takardar daga mashin ya koma saman shafin ya fara karantawa, yana juya mini da Hausa. Wai alama ce ta ƙarancin jini, irin wanda rashin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa. Wai an fi ganinsa ga mata masu haihuwa, da masu noma ba takalmi, saboda wata tsutsa da ke shiga ta ƙafa ta zauna a hanji tana tsotsa. Wai masu shi sukan yi kwaɗayin ƙasa. Wai in aka ɗiga ruwa a kan farcen, ɗigon zai zauna ba zai gangara ba. Duk wannan ni na buga shi, da safiyar ranar, da waɗannan yatsun, ina taunar farar ƙasa. Kalmar nan ta bi ta ƙarƙashin farcena ban san sau nawa ba. Baba ya ajiye takardar, ya turo mini kofin ruwan shansa, ya juya fuska wajen titi don kada in ji kunya.

"Ki ɗiga da kanki."

Na tsoma yatsa na ɗiga. Ɗigon ya zauna daram a kan baƙin lallen, yana ƙyalli. Na karkata hannu kaɗan, bai motsa ba.

"Ni ba likita ba ne," in ji shi, "kuma ba zan ce miki ga abin da ya ɗauki uwarki ba, ban sani ba. Amma ga abin da kan tsoho ya ba shi. Mutanen da suka ƙera sunan nan ba su san Giwa ba. Ba su san kakanki ba, ba su san an bar wani wuri ciyawa ta cinye ba. Kuma ba za su zauna su ƙera suna ba don hannu ɗaya, sai da suka gan shi suka sake gani. To, a hannun su wa suka gani?"

Na yi kuka a shagon nan har mai walda na kusa ya leƙo. Ba kukan tsoro ba ne, haushi ne ya turnuƙe ni. Shekara ashirin ina ɓoye hannu kamar ɓarauniya, ina ganin mu kaɗai aka ware a duniya, ashe abin har suna gare shi a littafin 'yan makaranta. Baba bai rarrashe ni ba. Ya bar ni na yi mai isata, shi kuma ya miƙe hannun y, ya ɗiga masa mai, ya gwada. Da zan tafi ya ce abu biyu kawai yake roƙo: in je awo gobe, kuma kada in sake ƙunshi, in bar masu dubawa su ga abin da za su duba. Ƙullin farar ƙasar kuwa ya miƙo hannu ya karɓa ya jefa a kwata, ban ko tambaye shi yadda ya san yana jakata ba.

Da yamma na buɗe wa babanku hannuna na gaya masa komai. Sai ya ce shi dai ya ga wautarsa, shekara uku yana sayo mini lalle. Washegari shi ya kai ni asibiti a kan kekensa. Sistar da ta duba ni ta ja fatar idona ta ga fari fat, ta yi mini tas a gaban mata, ta ce da wane jinin nake shirin haihuwa. Aka ɗebi jini, aka karɓi bayan gida. Mai duba abin, da ya ga na ƙi tafiya ina ta tambaya, ya kira ni ya ce in sa ido a madubinsa mai ƙara girman abu, ya nuna mini ƙwan tsutsar. Aka ba ni maganinta, aka haɗa ni da wasu jajayen ƙwayoyi masu tayar da zuciya, aka ce hanta da wake da zogale kullum, kuma a asibiti zan haihu ko ana ha-maza-ha-mata.

Da cikin ya shiga wata bakwai Inna ta zo tafiya da ni. Tana shigowa idonta ya faɗa kan hannuna. Lallen ya ja gaba, gindin farcen ya fito fili, ga babanku zaune.

"Kin tona mana asiri."

"Inna, ba ki yi ƙarya ba, ana shan jininmu. Amma na ga mai shan da idona. Tsutsa ce, a gona muke ɗaukarta. Ciwon yana da suna, yana da magani, Baba Dogara ne ya karanta mini a kundin wata ɗaliba."

"Ashe takardar wata yarinya da maganar mai gyaran ƙarfe sun fi miki ni."

"Ba su fi ki ba. Amma ba zan je ba."

Ta miƙe ta ɗaura ƙullinta. Daga bakin ƙofa ta ce in na mutu a hannun baƙi kada a aiko mata, ba za ta iya na uku ba. Tunda nake ban taɓa ce mata a'a ba sai ranar, kuma har yau ban manta bayanta tana fita ba. Kada ku ɗauka ina da tabbaci. Kwana biyu ina sa hannu a kan akwati in ce ko dai in bi ta. Abin da ya riƙe ni tambayar Baba ce, ita nake ta juyawa: a hannun su wa suka gani?

Na haihu da hantsi, ranar wata Talata. Jinin ya zo kamar yadda ya zo wa uwata, ba zan ɓoye muku ba. Amma ya tarar da jiki mai abin bayarwa, ya kuma tarar da mutane a tsaye da allurarsu. Kwana huɗu aka sallame ni. An aika wa Inna, ba ta zo ba. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da ƙosai, ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in, ita ta dama kunun kanwa, Allah ya saka mata. Amma duk safiya in ta ɗaga ganyen sai in rufe ido, don ba hannun da nake so ba ne. Ranar suna babanku ya je ya gaya wa Baba an yi masa takwara. In'inar ta kama shi sosai, da ƙyar ya fitar da cewa shi me ya yi, kalma kawai ya kwance, yarinyar da ta rubuta kundin ita ta yi aikin. Haka yake har ya bar duniya. Tafireta ta mutu kafin shi, shagon ya koma na masu cajin waya, amma ya ci gaba da zama a benci a ƙofar da ɗan littafinsa, yana tare ɗalibai yana tambayarsu sababbin kalmomi. Na ga masu digiri da yawa a Samaru, na buga wa wasunsu takardun da suka zama manya da su. Ban ga wanda ya girmama ilimi kamar tsohon nan ba.

Dogara yana da wata uku, ina shanya a tsakar gida, sai na ji sallama. Inna ce. Ta rame. Ba ta tambayi jariri ba, ba ta karɓi tabarma ba.

"Miƙo hannun."

Na miƙa. A lokacin lallen ya gama fita, sabon farce ya tsiro tun daga gindi, mai tudu, ja-ja-ja irin na kowa. Ta shafa shi da babban yatsanta. Ashe labarin ruwan ya kai mata har ƙauye, don da kanta ta tsoma hannu a bokitin wanki ta ɗiga. Ɗigon ya gangare. Ta sake, ya gangare. Sai da ta yi sau uku, sannan ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ƙwaya ce kawai?"

"Ƙwaya ce, Inna, da abinci."

"Yayyena biyu," in ji ta.

Can ta share fuska da bakin zane, ta ɗaga murya ta ce, "Ke, shigo mana." Sai ga Rifkatu, wadda aka aurar bara, ta shigo tana haki da cikinta a gaba, leɓɓanta fari fat. Inna ta kamo hannunta ta ɗora a kan nawa. Farcen a lotse yake kamar yadda nawa yake a da. Amma abin da na gani ya fi wannan: lallen rabi ne. Daga tsakiya zuwa gindi babu ƙunshi. Ni da na yi wata da watanni ina kallon tafiyar lalle a hannuna, na san abin da rabin farce yake nufi. Wata uku ke nan. Tun ranar da aka aika mata cewa na tashi, matar da kuke cewa ta yi mini mugunta ta daina ƙunsa wa 'yarta, tana can tana tara ƙarfin halin da za ta zo ta dube ni.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Ki kai ta wurin waɗanda suka san sunansa."

Rifkatu ita ce Antinku ta unguwar Hanwa, mai 'ya'ya shida, wadda kuke tsere zuwa cin wainarta. Rigunan Iliya uku kuwa duk na ga ya sa su, na ga sun yi masa kaɗan. Saboda haka in kun zo Kirsimeti, ku da matanku da 'ya'yanku mata, kada wadda ta shigo mini da fenti a farce. Ku gama dariyarku, sannan ku miƙo hannu.